Na rubuta wa yarona marsiyya, baffansa ya ce kada in karanta

Koci_Sabo:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai ga ni da abin da ya hana ni barci.

Ina horar da yara ƙwallo a unguwarmu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ranar Talata muna atisaye da la'asar sakaliya, ɗaya daga cikin yarana ya faɗi. Ba wanda ya taɓa shi. Ya karɓi ƙwallo ta gefen dama, ya yi taku uku ko huɗu, sai ya durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi, sai ya kife. Muka zuba masa fiya wata, muka yi ta yi masa fifita da riga, muka tare adaidaita. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa 19. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Bakwai muke ce masa saboda lambar rigarsa.

Daren da aka kai shi na kasa runtsawa, sai na ɗauki biro. Rabona da rubuta waƙa tun ajin Hausa a sakandare. Ga kaɗan daga ciki:

Bismillahi na fara da sunan Rabbi,
Mai ba da aro, in Ya so Ya karɓa.

Bakwai zakin fili, giwar 'yan gaba,
Rana ta faɗi tun ba ta kai tsaka ba.

Mutuwa kin yi mana yankan ƙauna,
Kin tsinke ɗanye, ba ki jira ya nuna ba.

Na busa usur, yara sun taru,
Na ƙirga goma, ban ga na sha ɗaya ba.

Takalmin da ka aro yana wurina,
Mai shi ya rantse ba zai karɓa ba.

Niyyata in karanta ranar addu'ar bakwai bayan an shafa. Na nuna wa baffansa. Ya karanta har ƙarshe, ya miƙo min takardar ya ce, "Malam Koci, mamaci addu'a yake buƙata. Tamaular nan ita ta kai shi, kuma ka zo ƙofar gidanmu ka yi mata kirari?"

Ban iya ce masa komai ba. To ina tambaya, laifi na yi? In yaga ta, in ajiye, ko in sa a Facebook?

Ummu_Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Koci ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba iyayensa dangana. Baitin usur ɗin nan ya sa ni ƙwalla a cikin mota, har na kusa da ni tana tambayata lafiya.

Dan_Fagge10:
Allah Ya gafarta masa. Koci ka saka kawai, ai Facebook ba a ƙofar gidansu yake ba.

Almajirin_Zaure:
Allah Ya jiƙan yaro, Ya kyauta namu zuwan. Malam Koci, abu biyu ne mutane ke gwamawa. Akwai kukan mutuwa irin wanda aka hana, na kururuwa da marin fuska da yaga tufa da furta abin da ke nuna ba a yarda da hukuncin Allah ba. Akwai kuma baƙin ciki da ambaton alherin mamaci. Da ɗan Manzon Allah (SAW) Ibrahim ya rasu, idanunsa sun zubar da hawaye, ya kuma bayyana cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Hassanu ɗan Sabitu ya yi wa Annabi marsiyya bayan wafatinsa. Khansa'u ta shahara ne da baitocin da ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru. A nan gida ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Wa zai ce waɗannan ba su san addini ba?

Saboda haka rubutawar ba laifi ba ce. Amma ina da gyara biyu. Baiti na uku bai kwanta min ba. "Ba ki jira ya nuna ba", wa zai jira? Ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma mutuwa 'yar aike ce, in ka tuhumi ɗan aike ka san wanda maganar ke komawa kansa. Na biyu, gidan makoki na masu shi ne. Tunda baffansa ya ce a'a, to a'a ɗin ce, ko da kai ke da gaskiya.

Bazazzagiya:
Allah gafarta Malam, "mutuwa mai yankan ƙauna" ai maganar kakanninmu ce. Kakata har ta bar duniya ba ta bar sallar dare ba, kuma duk rasuwar da aka yi sai ta faɗe ta. Ba tuhuma ba ce, zafi ne ya sami bakin fita.

Almajirin_Zaure:
Hajiya, na yarda da ke a kan ɗangon farko. Na biyun nake magana. Siffanta mutuwa daban, ce mata ta yi gaggawa daban. Ban ce ya yi saɓo ba, na ce da ni ne da na sauya.

Abu_Sumayya:
Kafin a kai ga waƙa, ita kanta addu'ar bakwai ɗin ina aka samo ta? Zaman makoki kwana uku ne.

Mai_Unguwa:
Abu Sumayya, don Allah. An yi wannan muhawarar a nan sau ba adadi, ba wanda ya taɓa sauya ra'ayi. Mutum ya binne yaronsa shekaranjiya. A tsaya kan abin da ya tambaya.

Malamin_Adabi:
Allah Ya jiƙansa. Koci, tunda ka kawo ta gaban jama'a, ka yi haƙuri zan yi maka irin abin da nake yi wa ɗalibaina.

Baiti na biyu ba naka ba ne. Zaki, giwa, rana ta faɗi, waɗannan kayan haya ne, kowa ya yi rashi can yake zuwa ya ɗauko. Cire sunan Bakwai ka sa na wani sarki ko wani ɗan siyasa, baitin zai zauna daram bai san an yi ba. Ni ban taɓa ganin yaron nan ba, kuma baitin bai nuna min shi ba.

Amma da na zo kan usur, sai na gan ka tsaye a fili kana ƙirga kawuna da yatsa. Da na zo kan takalmin aro, sai na san irin gidan da ya fito ba tare da ka ce min talaka ne ba. Kuma ban sani ba ko da gangan ka yi: ka buɗe da Mai ba da aro wanda in Ya so Ya karɓa, ka rufe da mai aro wanda ya ƙi karɓa. Akwai sha'irai masu littafi da ba su taɓa dacewa da irin wannan ba.

Karin bai daidaita ba, wasu ɗangogin sun fi wasu tsawo, in ka rera za ka ji kana tuntuɓe. Wannan mai gyaruwa ne. Amsa-amon "ba" kuwa ka riƙe shi, ya dace da waƙar rashi, kowane baiti yana ƙarewa da abin da bai samu ba. Ka ƙara salati bayan buɗewa, ka rufe da addu'a kamar yadda magabata ke yi. Su har shekarar da aka yi waƙa sukan ɓoye a baitin ƙarshe cikin haruffa, abin da ake kira ramzi. Kai ba sai ka je can ba, amma ka sa ranar. Nan da shekara ashirin ita za a nema.

Dan_Fagge10:
Malam mutum na cikin jimami kana ba shi maki kamar jarrabawa.

Koci_Sabo:
A'a, ƙyale shi. Wallahi gaskiya ya faɗa. Bakwai ko kusa ba zaki ba ne, siriri ne kamar sillen kara, in an yi masa keta dariya yake yi. Maganar aro kuma ban lura ba sai da Malam ya faɗa.

Hauwa_Kulu:
Wannan ya tuna min wata waƙa da aka koyar da mu a darasin adabin Turanci, ta wani Bature ɗan Ingila, A. E. Housman, ta fito a 1896. A kan wani saurayi ce da ya ci tseren gudu, mutanen garinsu suka ɗauke shi a kafaɗa suka ratsa kasuwa da shi ana shewa. Sai ga shi sun sake ɗaukarsa a kafaɗa, wannan karon zuwa kabari. Wannan hoton ya tsaya min, domin mu ma a kafaɗa muke ɗaukar makara. Amma abin da mawaƙin ya ce daga baya shi ne yaron ya yi dabara da ya tafi da wuri, bai tsaya ya ga an karya tarihinsa ba, bai ga ranar da sunansa zai mutu shi yana raye ba. Har yau ban san ko lallashi ne ko baƙar magana ba.

Tsohon_Gola:
'Yata, wanda ya rubuta wannan bai taɓa wanke gawar ɗan shekara 19 ba.

Ni na tsare gida shekara goma sha huɗu. An ɗauke ni a kafaɗa, ba sau ɗaya ba. Yau ina sayar da kayan gyaran babur, yaran da ke buga ƙwallo a bayan shagona in ta faɗo ciki "Baba miƙo mana" suke cewa, ba wanda ya san hannun nan ya taɓa tare fanareti. Yana min ciwo? Yana yi, ba zan ɓoye ba. Amma jiya jikata ta yi barci a cinyata. A je a tambayi uwar Bakwai wanne ta zaɓa, ɗa da aka manta da shi yana shigowa yana cin tuwonta, ko gwarzo a ƙarƙashin ƙasa.

Ina shagon wani tela muna sauraron rediyo ranar 12 ga Agusta 1989 da Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Surulere, muna bugawa da Angola a neman zuwa gasar kofin duniya. Shekararsa 25, ga ilimi, a Italiya ya karanta shari'a. Mun ci wasan, ba wanda ya yi murna da labari ya fito. An yi masa waƙe-waƙe, an kafa masa mutum-mutumi a bakin filin. Duk na gani. Ban taɓa jin wanda ya ce ya yi dabara ba.

Hauwa_Kulu:
Baba, na karɓa. Ni ma ba ra'ayina ba ne, na kawo ne don a ga wasu ma sun yi ta fama da abin da za a ce wa irin wannan mutuwar.

Nas_Maryam:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk lokacin da na ga an fara jera baitoci a kan yaron da ya faɗi a fili, gabana faɗuwa yake, domin na san daga nan maganar ta mutu.

Saurayin da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, abu na farko da ake zargi zuciya ce ta tsaya. Wasu da larurar ake haihuwarsu, tsokar zuciyar ta yi kauri fiye da ƙima, ba su sani ba, har ma su ne suka fi kowa gudu. Zuciyar da ta tsaya ruwa ba ya tayar da ita, fifita ba ta tayar da ita. Kuma a daina cusa cokali ko yatsa a baki wai kada ya haɗiye harshe, ɓata lokaci ne. Abin yi shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a yi ta dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota.

Ku duba Christian Eriksen. Ranar 12 ga Yuni 2021 ya faɗi a wasan Denmark da Finland, duniya na kallo. Nan take aka danna ƙirjinsa, aka jona masa na'urar da ke tayar da zuciya da lantarki. Bayan wata takwas ya koma buga wasa a Ingila. Ku duba Chineme Martins na Nasarawa United, Maris 2020 a Lafiya, wasansu da Katsina United. Ya faɗi, jaridu suka ruwaito motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Wannan fa babbar gasar ƙasa ce, ba filin unguwa ba. A Italiya tun 1982 doka ce sai an duba lafiyar ɗan wasa kafin ya shiga gasa. Mu nan wane yaro aka taɓa yi wa gwajin zuciya na ECG kafin a ba shi riga?

Ku yi waƙa, ban hana ba. Amma tun Okwaraji muke waƙa.

Koci_Sabo:
Mun fi minti goma muna zuba masa ruwa. Ni na riƙe kansa. Da na san wannan...

Ummu_Hanifa:
Haba Maryam. Yanzu ne lokacin wannan maganar? Kin ga abin da kika jawo.

Almajirin_Zaure:
Malam Koci, kada ka buɗe wa kanka ƙofar "da na sani". Annabi (SAW) ya ce "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Ka yi iya abin da ka sani a lokacin, kwanansa ne ya ƙare. Abin da Malama ta kawo na yaran da suka rage ne, kuma neman sani ba ya karo da ƙaddara.

Nas_Maryam:
Koci ka yafe ni, wallahi ba da kai nake ba. Ko a gaban likitoci wasu ba sa dawowa, kuma ba mai iya cewa da an danna da ya tashi. Haushina a kan waɗanda suka kamata su koyar da ku ne ba su yi ba. Anti Ummu, na san lokacin bai yi daɗi ba, amma in na bari sai an huce, ba mai saurare. Koci, in kana cikin Kano ka yi min magana ta gefe. Zan zo filinku in nuna wa yaranka, awa ɗaya ta isa, ba ko sisi.

Garwa_Boy:
Gaisuwa daga Garwa. Abin da Nas ta ce na likitoci gaskiya ne. Marc-Vivien Foé a Faransa ya faɗi, a Liyon, 26 ga Yuni 2003, wasanmu na Kamaru da Kolombiya, shekararsa 28. An yi ta fama da shi bai dawo ba, daga baya aka ce irin wannan kaurin zuciyar ne. Ina yaro lokacin. Abin da na riƙe ba waƙa ba ce, ko da yake an yi su da yawa a rediyo. Na riƙe ranar wasan ƙarshe da Faransa, da aka shigo da babban hotonsa fili, 'yan wasan ɓangare biyu suka tsaya tare. Manchester City da ya buga wa kuma suka ajiye lambarsa 23, ba a ƙara ba kowa ba. Koci, ko ba ka karanta komai ba, ka ajiye lamba bakwai.

Takari_Omdurman:
Mu ma nan mun gani a 2010, Endurance Idahor, ɗan Najeriya da ke buga wa Al-Merrikh. A fili ya faɗi. Ba ɗan ƙasa ba ne, amma yadda mutanen garin nan suka yi jimaminsa sai ka ce ɗansu ne. Sudanawa mutanen waƙa ne, ba wanda zai tsaya tambayar ko ya dace.

Sai_Masu_Gida:
Ni dai na fahimci baffan yaron nan, kuma zan faɗi dalili. Da Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a Kano, Fabrairu 2018, sa'o'i kaɗan bayan ya buga mana, mu Kano Pillars, wasa da Enyimba, tsohuwar ƙungiyarsa, mun yi kuka na gaske. Haka ranar 31 ga Mayu 2025, da motar tawagar Kano ta faɗa gada a hanyar Zariya suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun, saura ƙiris su iso gida, sama da mutum 20 suka rasu. Akwai wanda na sani a ciki.

To me nake gani duk lokacin da aka yi irin wannan rashin? Kafin ƙasar kabari ta bushe wani ya shiga sutudiyo. Kiɗan da ya yi wa amarya makon jiya shi zai rage wa gudu, ya sa muryar kuka. Baiti biyu na mamata, sauran na gaida mai girma wane da Hajiya wance da suka "jajanta". Sunan mawaƙin sau biyar, sunan mamacin ko sau ɗaya, wani lokacin ma ba a faɗe shi daidai ba. Sai a ɗora hoton gawa a kai a watsa a TikTok. Dattijon da ya saba ganin wannan, in ka zo masa da takarda ka ce waƙa ce, me kake so ya zata?

Ba na ce Koci haka yake ba. Na ce waɗancan sun ɓata wa irinsu Koci hanya.

Bazazzagiya:
Wannan gaskiya ne. Amma kuma a duba ɗaya gefen. Da ba don Ɗan Anace ba, yau wa zai san Shago? 'Yan dambe nawa aka yi a zamaninsa da suka tafi da sunansu? Mai ƙarfi yana da shekara goma ne ko sha biyar, bakin mawaƙi ke kai shi gaba.

Malamin_Adabi:
Hajiya, bambancin shi ne Shago da kunnensa ya ji tasa. Kirari na mai rai ne, don ya ji tsikar jikinsa ta tashi ya shiga fage. Marsiyya mamaci ba ya jin ta. Ta waɗanda aka bari ce. Shi ya sa tambayar Koci ta gaskiya ita ce: wa ya rubuta wa? In don kansa ne, ta riga ta yi aikinta tun daren da ya rubuta. In don iyayen ne, sai abin da suka ce. In don yaran ne, wannan wata magana ce.

Dan_Maradi:
Ina gaida ku. Nan wajenmu kokowa ta ɗara balo, bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai wani yaro garinmu, ƙarfi gare shi, kowa na cewa shi za a ɗauka cikin 'yan jaha su tai neman takobi. Babur ya kashe shi da damana. Makaɗinai ya zo jana'iza hannu sake, ya yi salla, ya zauna cikin mutane, bai ce uffan ba. Har an ka yi arba'in ba wanda ya ji bakinai.

Da kaka ta yi an ka buɗe fili. Ana tsaka da wasa, sai ya juya ganga ya buga taken yaron. Kowa ya san taken. 'Yan kokowa sun ka tsaya inda su ke, ba wanda ya shiga. Fili ya zauna wayam, kiɗa na tashi, ba mai amsawa. Ya buga har sau ukku, kana ya sauya. Tsofaffi na share ido da bakin rawani.

Koci, ƙofar gida ta baffa ce. Fili naka ne.

Tsohon_Gola:
Ɗan Maraɗi ya gama magana.

Abu_Sumayya:
Bai gama ba. Ganga kuma? Daga waƙa an koma kiɗa.

Mai_Unguwa:
Abu Sumayya.

Inna_Talatu:
Tun jiya nake karantawa. Maza kun yi ta magana, baffa ya ce, malam ya ce, Bature ya ce. Ba wanda ya ce a tambayi uwar sai Baba mai gola, shi ma da misali ya yi.

Na binne ɗa, shekararsa 22, ba ɗan ƙwallo ba ne. Kwana uku gida cike, kowa "sai haƙuri, sai haƙuri". Bayan mako biyu kamar an share. Abin da ya fi min ciwo shi ne mutane suka daina ambatonsa a gabana, wai kada su tayar min da hankali. Sai da wani abokinsa ya zo bayan wata huɗu ya ba ni labarin yadda suka taɓa kwana a tasha kuɗin mota ya ƙare, yaron nan ya sayar da hularsa. Ban taɓa sani ba. Na yi dariya, na yi kuka, ranar na ci abinci sosai.

Ɗana Koci, kada ka karanta a taro. Ka bari a watse. Ka nemi izini ka shiga ka gaishe ta, ka ce kana da wani abu, in tana so. In ta ce a'a ka naɗe takardarka.

Dan_Fagge10:
Na janye maganar Facebook ɗin. Inna ta fi ni gaskiya.

Koci_Sabo:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shiruna. An yi bakwai, ban karanta ba. Na gaisa da baffansa lafiya lau, har ya riƙe hannuna ya daɗe.

Jiya na bi shawarar Inna. Na tafi da matata, na ɗauki takalmin a leda. Mun same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Na ce Mama na yi wani ɗan rubutu, in ba ki so ba komai. Ta ce karanta.

Na cire baitin zaki. Na uku na bar ɗangon farko na sauya na biyu, Malam Almajiri. Ta yi shiru har na wuce usur. Da na zo kan takalmi sai ta ajiye farantin ta ce, "Malam Koci, wa ya ce maka aro ne?"

Ashe ita ta saya masa. Kwasar adashinta ce ta bara. Mahaifinsa ba ya son ƙwallon, shi ya sa suka shirya a ce na abokinsa ne, a gidan abokin ma yake ajiye shi. Yaron da ya rantse min ba zai karɓa ba, ashe don ba nasa ba ne, kuma ya kasa faɗa min.

Na miƙa mata ledar. Ta buɗe, ta taɓa ƙasan takalmin inda jar ƙasar filinmu ta maƙale, ta mayar ta ɗaure. Ta ce in ba wani yaron da ba shi da shi. Ta ce in sake karanta mata na usur ɗin.

Yanzu ban san yadda zan yi da baitin ba. Shi ne wanda kowa ya yaba, kuma ba gaskiya ba ne.

Malamin_Adabi:
Kada ka taɓa shi. Rabinsa ya fi da gaskiya ma: mai shi ba ta karɓa ba.

Almajirin_Zaure:
Ni kuwa ina ganin tunda ka san ba aro ba ne, bai kamata ka ci gaba da faɗa a matsayin labari ba. Da ba ka sani ba, yanzu ka sani.

Bazazzagiya:
In ya gyara ya tona mata asiri wurin mijinta, Malam. Sirrin da ta riƙe da ɗanta ke nan, shi kaɗai ya rage mata nata ita kaɗai.

Almajirin_Zaure:
To ya cire baitin gaba ɗaya.

Ummu_Hanifa:
A cire?! Haba.

Koci_Sabo:
Zan yi tunani. Asabar dai za mu koma fili, karo na farko tun ranar. Nas Maryam ta ce za ta zo da ƙarfe huɗu, na gaya wa kocin unguwar da ke kusa da mu ya kawo nasa yaran. In an gama zan tara su in karanta, ban yanke da wane baitin ba. Riga mai lamba bakwai na ninke ta na sa a akwati, Garwa Boy.

Takalmin lamba 42 ne. Yara uku ya yi wa daidai. Har yanzu ba wanda ya yarda ya sa.